Jirgin da Mai Shi Ke Ƙarasa Ƙerawa

A yammacin Amurka da Kanada, inda tafkuna suke kwance a tsakanin duwatsu, akwai wani ɗan jirgin kamun kifi wanda mutum ɗaya kacal yake ɗauka. Dogayen tub ne guda biyu da ake hura wa iska, kowanne bai kai mita uku ba. An jera su gefe da gefe, an ɗaure musu ƙarafa a bisa, an kafa kujera a tsakiya. Mai shi yana zaune a sama, ƙafafunsa na reto cikin ruwa, ga filafili ɗaya a dama ɗaya a hagu. Fantun ake ce masa. In aka sace iskarsa aka warware ƙarafan, but ɗin ƙaramar mota ya ishe shi.

A kwali ake sayar da shi, kuma ranar da aka saye shi ana iya hawansa. Sai dai duk wanda ya daɗe a harkar ya san rabin jirgi ya biya wa kuɗi. Sauran rabin shi zai ƙera da hannunsa, da zarto da igiya da bututun famfo, har jirgin ya zo daidai da tsawon hannunsa, da nauyin jikinsa, da halin tafkin da yake zuwa. Wannan ƙarasawa sana'a ce mai zaman kanta. Akwai lissafi a cikinta, akwai lura, akwai kuma sanin inda ya kamata a tsaya, wanda shi ne ya fi burge ni.

Tushen dabarar tsoho ne. Wanda ya taɓa ganin masuntan Argungu kwance bisa gora, suna tuƙi da hannu da ƙafa, suna jefa abin da suka kama a cikinta, ya riga ya fahimci asalin abin: a samu wani abu mai riƙe iska, a hau, a je wa kifi har gida. Masuntan Amurka da tub ɗin tayar mota suka fara. A shekarun 1940 kamfanin Tucker na garin Fort Smith, a jihar Arkansas, ya shiga sayar da tub da aka ɗinka wa riga da wurin zama a tsakiya. Yana aiki, amma mutum na jiƙe ne har ƙugu cikin ruwan sanyi, tafiyar kuma ta hawainiya ce. A farkon shekarun 1950 kuma wani manomi a Minnesota, Ambrose Weeres, ya yi wa gangunan ƙarfe walda layi biyu, ya shimfiɗa dandamalin katako a kai, ya samu jirgin da ba ya tangaɗi. Ƙaramin fantun na iska ya gaji kowanne: sauƙin ɗauka daga tub, tsayuwa da ƙafa biyu daga jirgin ganguna. Zuwa shekarun 1990 ya zama ruwan dare a tafkunan Utah, Idaho, Montana da British Columbia.

Nauyi da daidaito

Gwani ba ya fara da sayen kaya. Da lissafi yake farawa. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka duk litar iskar da ta nutse ƙarƙashin ruwa tana ɗaga kilo ɗaya. Tub biyu masu tsawon mita 2.7 da kaurin santimita 40 suna riƙe da iskar da ta kai lita 500, amma kamfanoni sukan rubuta wa irin wannan jirgi iyakar kaya wajen kilo 180. Dalili kuwa shi ne, ana so fiye da rabin tub ya zauna a saman ruwa. In ya nutse sosai, jirgin ya yi nauyin tuƙi, igiyar ruwa kuma ta riƙa marin kujera.

Kilo 180 kamar da yawa, har sai an fara ƙirga. A ce mai jirgin kilo 85 ne. Batirin dalma irin na jirgin ruwa ya haura kilo 20. Ga inji, ga anka biyu, ga akwatin ƙugiyoyi, ga ruwan sha da abinci, ga rigunan sanyi. Kafin a ankara an doshi iyaka. Shi ya sa kowane abu sai ya faɗi aikinsa kafin a ba shi wuri.

Inda nauyin ya zauna kuma ya fi yawansa muhimmanci. Ga yadda gwani yake yi. Kafin ya huda komai, sai ya cika buhu da yashi daidai nauyin batirin da yake niyyar saye, ya ɗora a bayan kujera, ya kai jirgin bakin ruwa inda ba zurfi, ya hau. Abokinsa na tsaye a gefe yana duban layin da ruwa ya ja a jikin tub. In baya ya nutse gaba ya ɗaga, sai ya sauko, ya sassauta maɗauran da suka riƙe ƙarafa, ya tura su gaba ɗan yatsa uku, ya ɗaure, ya sake hawa. Haka zai yi ta yi har layin ruwan ya miƙe daga wannan kai zuwa wancan. Sa'an nan ya ɗauko alƙalamin da ba ya gogewa ya yi alama a jikin tub ɗin biyu, don gobe kada ya sake lalube. Jirgin da aka daidaita haka yana tafiya sak. Wanda ba a daidaita ba, jan gindi yake yi, iska kaɗan ta juya shi, mai shi ya yini yana kokawa da filafili maimakon kifi.

Iskar da ke ciki

Iskar tub ma tana da nata hali. Tayar mota takan ɗauki awo 30 ko fiye a ma'aunin psi, tub ɗin fantun kuwa awo 2 zuwa 3 ya ishe shi. Da yake awon ƙarami ne, sauyi kaɗan babba ne a wurinsa. In aka hura shi da sanyin asuba aka bar shi kan tudu rana ta gasa shi, matsin da ke ciki yana iya ƙaruwa da fiye da rabi, ɗinki ya yage. In kuma aka hura shi da zafi aka jefa cikin ruwan sanyi, nan da nan ya yi laushi. Saboda haka masu abin sukan sa jirgin a ruwa, su ba shi ɗan lokaci ya huce, sa'an nan su ƙara masa iska da famfon hannu. In za su fito cin abincin rana, sai su rage.

Akwai kuma batun hawan dutse. Mutumin Salt Lake City yana zaune ne a tsayin wajen mita 1,300 daga teku. Tafkin Strawberry, wanda ya shahara da kifin tirawut, yana wajen mita 2,300. A tsakanin nan iskar sarari tana raguwa da kusan awo ɗaya da rabi, wato tub ɗin da aka cika tam a gida aka ɗaure a rufin mota zai isa tafkin yana neman fashewa. Wanda ya sani, da tub mai laushi yake barin gida. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan sana'a ba a cika ta ranar hawa.

Abin da hannu ke kaiwa

Mai fantun ba ya tashi tsaye, ba ya zagayawa. Duniyarsa ita ce iyakar inda hannunsa ya kai yana zaune. Don haka gwani yakan haɗa jirgin a tsakar gareji, ya zauna a kujera, ya rufe ido, ya miƙa hannu neman koma, neman almakashi, neman igiyar anka. Inda hannun ya sauka da kansa, nan ne mazaunin abin. Ranar da babban kifi ya kama, ido na kan ruwa, hannu ɗaya na kan sanda, ɗayan hannun dole ya san hanya ba tare da an nuna masa ba.

Ɓangaren da yake jifa da shi kuma wayam yake barinsa. Yawancin masu wannan jirgi da fatsar ƙwaro suke kamu, wato ƙugiyar da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu ta yi kama da ɗan ƙwaro. Ƙugiyar ba ta da nauyi, zaren ne ake kaɗawa gaba da baya a sama har ya ɗauke ta zuwa nesa. Duk abin da ya yi tsini a jikin jirgin, zaren nan sai ya same shi. Saboda haka ake shimfiɗa raga a kan cinya inda zaren zai riƙa taruwa, a naɗe kan kowane noti da tef, a datse bakin kowane maɗaurin roba har ya shafe.

A dubi yadda ake yin maratayin sanduna, domin a nan ake ganin hannun mutum. Bututun PVC ne irin na aikin famfo, mai arha. Sai ya yanka shi gunduwa uku ko huɗu, kowace kamar kamu ɗaya. A bakin kowace ya tsaga wata 'yar ƙofa inda ƙafar abin naɗe zare za ta shiga ta zauna daram. Ya gasa bakin da iska mai zafi har ya yi laushi, ya cusa wuyan kwalba ya buɗa shi, don sanda ta shiga ba tare da an duba ba. Ya bi kowane gefe da samfefa har yatsa ya wuce bai ji kaifi ba. In zai haɗa su, kan kusoshi ba ya taɓa fuskantar tub. Ba ya kuma huda ƙarafan jirgin in da hali, domin kowace huda rauni ce kuma ƙofar ruwa da tsatsa; da maɗauri yake ɗaurewa, don ya iya matsarwa in bai yi ba. A ƙarshe ya kwantar da maratayin ya karkata baya, ƙasa-ƙasa, yadda sandunan ba za su tsaya a hanyar jifa ba. Kuɗin kayan bai taka kara ya karya ba. Tunanin da ke ciki shi ne mai tsada.

Anka biyu

A yankin Kamloops na British Columbia, inda tafkuna ke cike da tirawut, babban abincin kifin wasu ƙananan ƙwari ne masu kama da sauro amma ba sa cizo. Tsutsarsu a taɓon ƙasan tafki take zaune. In lokaci ya yi sai ta taso a hankali zuwa saman ruwa don ta fito da fiffike, kifi kuma ya tare ta a hanya, galibi dab da ƙasa. Masanin kifi Brian Chan, wanda ya yi aiki a yankin shekaru da dama, yana cikin waɗanda suka koya wa masunta wannan salon kamu. Ana rataye ƙugiya ne a ƙarƙashin ɗan kumfa mai launi, ta tsaya kamar santimita 30 daga ƙasa, kusan ba motsi. Don a gane zurfin daidai, masunci yakan maƙala wa ƙugiyar ɗan hantsaki, ya sake ta har ta taɓa ƙasa, ya ga inda zaren ya tsaya, sa'an nan ya kafa kumfar.

Duk wannan ƙoƙari ya tashi a banza in jirgin yana lilo. Anka ɗaya tana riƙe jirgi, amma ba ta hana shi kaɗa kai dama da hagu, kuma duk kaɗawar tana jan ƙugiya daga inda aka ajiye ta. Shi ya sa masu tafki suke ƙara ta biyu. Ta baya tana rataye ne a wani ɗan hannun ƙarfe da ya zarce tub, igiyarta ta bi ta cikin kura ta biyo gefen kujera, ta ƙare a wani maƙali kusa da cinya. A fisga sama ta saki, a danna ƙasa ta kama, duk da hannu ɗaya. Sai a ba iska baya, a saki ta baya tukuna, a bari igiya ta miƙe, sa'an nan a sauke ta gaba. Jirgin ya tsaya cak. Wasu dalma suke amfani da ita mai kilo uku zuwa biyar, wasu guntayen sarƙa suke ɗaurewa dami guda, saboda sarƙa ba ta cika maƙalewa a dutse ba. Kowannensu kuma yana da wuƙa a ƙirji, domin ranar da anka ta ƙi fita iska kuma ta taso, igiya ake yankewa.

Inji da idon ƙarƙashin ruwa

Ƙaramin injin lantarki na masunta ya girmi wannan jirgi. O. G. Schmidt ne ya ƙera shi a garin Fargo na North Dakota a 1934, daga nan kamfanin Minn Kota ya samo asali. Mafi ƙanƙantar irinsa ya wadatar da fantun, kuma in aka buɗe masa wuta duka yana jan wajen amfiya 30. Daga nan lissafin batir yake fitowa: mai amfiya-awa 50 ba zai kai awa biyu a guje ba, amma a tafiyar jan ƙugiya, wadda ba ta wuce kilomita biyu zuwa uku a awa ba, zai daɗe ƙwarai. Zuwan batirin litiyam ya sauƙaƙa abin, domin nauyinsa bai kai rabin na dalma ba. Gwani yana sa batir cikin akwatin roba mai murfi, ya ɗaure shi, ya sa fis kusa da kansa, ya bi da wayoyi ta inda ƙafa ba za ta taka ba.

Akwai wata dabara da nake jin daɗinta ƙwarai. Mai tuƙi da filafili ko da faffaɗan takalmin ninƙaya da baya yake tafiya, kuma haka ya fi masa, domin zarensa yana gabansa yana kallo. Sai masu fantun suka lura: in aka kwance noti ɗaya a wuyan injin, aka juya kansa, aka mayar, farfela za ta riƙa jan jirgin da baya da cikakken ƙarfinta, maƙunni kuma yana kusa da hannu. Sai a kulle injin ya miƙe, a riƙa sarrafa jirgin da ƙafa. Inji na ja, ƙafa na juyawa, hannu biyu na kan sanda. Sai dai a yawancin jihohin Amurka, da zarar an ɗora inji ko na lantarki ne, sai an yi wa jirgin rajista an manna masa lamba.

Na'urar gano kifi kuwa, wadda kamfanin Lowrance ya fara kai wa talakan masunci a ƙarshen shekarun 1950, sauti take aikawa ƙasa ta saurari dawowarsa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, da haka take auna zurfi. A jirgin roba ba inda za a ɗaura mata kusa, don haka bututun PVC ya sake shigowa: a ɗaure shi a gefen ƙarafa, kan na'urar a ƙasansa, da gwiwa mai lanƙwasawa don a ɗage shi in an zo tudu. Dole kan ya dubi ƙasa sak, ya kuma nisanci kumfar farfela da motsin ƙafa. Gwani ya san iyakar idon nan: da saitin da aka fi amfani da shi, faɗin abin da yake gani kamar sulusin zurfin ruwan ne, wato a mita shida da'irar mita biyu kawai. Don haka ba kifi kaɗai yake nema a allon ba. Yana neman inda ciyawa ta ƙare, inda ƙasa ta gangara, da inda ruwan ɗumi na sama ya haɗu da na sanyi a ƙasa, domin tirawut mai son sanyi ne, da bazara can yake komawa.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne

Fantun yana zaune a sama, shi ya sa iska take samunsa da sauƙi, kuma tafkunan kan dutse sun saba tayar da iska da rana tsaka. Masu hankali sukan fara da tuƙi suna fuskantar iska, don in gajiya ta zo ita za ta koro su gida. Ba sa barin filafili don sun sa inji. Rigar hana nutsewa a jiki take, ba a ƙarƙashin kujera ba, saboda a ruwan da bai kai digiri 10 ba, cikin 'yan mintoci yatsu suke daina jin magana. Suna kafa doguwar tuta mai launin lemo a baya don manyan jirage masu gudu su hango su, su rataya usur a wuya, su ajiye famfo da kayan faci a aljihun gefe. Ƙayar bayan kifi ko bakin ƙugiya ya isa ya huda tub. A gida, ruwan sabulu ake shafawa a bi shi a hankali. Inda kumfa ta taso, nan ne ramin.

Akwai kuma haƙƙin tafkin kansa. A 2007 aka gano wasu ƙananan dabbobin ruwa masu ɓawo biyu, 'yan ci-rani a tafkin Mead, masu manne wa komai su toshe bututu su cinye abincin ƙananan halittu. 'Ya'yansu ba sa ganuwa da ido, kuma ɗan ruwan da ya maƙale a igiyar anka ko a cikin bututun PVC ya isa ya kai su wani tafki. Tun daga nan jihohin yamma suka tsaurara binciken jirage. Mai fantun na kirki yana huda ƙasan kowane bututun da ya ƙara don ruwa ya tsiyaye, yana wanke jirginsa, yana shanya shi ya bushe ƙayau kafin ya kai shi wani ruwa.

Sabon shiga, in ya gano cewa yana iya ƙara wa jirginsa kaya, ba ya jin kira. Maratayin sanda shida, akwatuna, teburi, fitilu. Tafki ne yake koya masa sauran karatun: wannan ya kama zare, wancan ya tare iska, wannan kuma tun da aka ɗora shi ba a taɓa shi ba. Shekara na zagayowa yana cirewa. Jirgin tsohon hannu in ka gan shi sai ka ɗauka ba a yi masa komai ba, sai ka matso ka ga kowane ƙulli da dalilinsa. A bakin tafki kuma ba a rowar ilimin nan. Mutum zai tsuguna gaban jirgin wanda bai taɓa gani ba, ya tambayi yadda aka yi wannan gwiwar, mai shi ya ajiye abin da yake yi ya nuna masa.

Masani yana iya duban jirgi ya faɗi labarin mai shi: bahago ne, ga ɓangaren da ya bari wayam, mai zaman anka ne, ba mai jan ƙugiya ba, tafkinsa mai duwatsu ne, ga sarƙa. Shi ya sa in aka sayar da irin wannan jirgi, abu na farko da sabon mai shi yake yi shi ne ya kwance kusan duk abin da aka ɗaura. Ba raini ba ne ga aikin na farko. Aikin ya yi kyau ne har ya zama na mutum ɗaya, kuma wanda ya gaje shi dole ya zauna a kujerar, ya miƙa nasa hannun, ya auna da kansa.